Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba

A ƙauyenmu da ke yankin Bunkure, tun ranar da labari ya iso cewa na kammala digiri na uku, sunana ya koma Dakta. Na yi bayani har na gaji cewa ni daktan tattalin arzikin noma ne, ban san kan allura ba, amma har gobe tsofaffi suna kawo mini takardar asibiti in duba musu, ni kuwa in karɓa in jujjuya don kada in ba su kunya. Inna ce ma ta fi kowa murna da sunan, domin ni ne ɗan farinta, shekara arba'in da ɗoriya ba ta taɓa ambaton sunana ba, sai ga shi boko ya samar mata abin da za ta riƙa kira na da shi. Ban taɓa jin nauyin laƙabin nan ba sai wata ranar Laraba cikin watan Maris, bayan la'asar, ina tsakiyar duba takardun jarrabawa, aka kira ni a waya aka ce Auta ya faɗi a gona bakinsa yana kumfa, in gaya musu abin da za a yi.

Auta ƙanena ne uwa ɗaya uba ɗaya, shi ke riƙe da gonar gadonmu a cikin filayen noman rani da ruwan Tiga ke shayarwa. Tun da aka kammala madatsar a 1974, bayan an faro aikin a zamanin Audu Bako, ruwan da ke bin kanal zuwa Bunkure da Kura da Garun Malam ya mayar da rani damina ta biyu. Da shinkafa da alkama da albasa da tumatirin wannan ruwa aka biya mini kuɗin makaranta. Sai dai tun 2016, shekarar da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye tumatirin Arewa har masana'antar Ɗangote da ke Kadawa ta rasa abin niƙawa, hannun manomanmu ya buɗe da feshi. Wanda a da yake feshi sau ɗaya a mako ya koma sau biyu ko uku, a haɗa magani kala biyu ko uku a bokiti guda a dama da hannu. Ni na sayi famfon feshin da Auta ya goya ran nan, ni kuma na aika da kuɗin maganin a matsayin kasona na hidimar gona. Ban sayi safar hannu ba, ban sayi abin rufe hanci ba, alhali ina koyar da ɗalibai darasi guda a kan haɗarin magungunan nan.

Daga baya muka haɗa labarin. Famfon yana yoyo ta baya, rigarsa ta jiƙe tun hantsi, ya bar ta a jikinsa cikin zafin nan na bazara. Da bakin famfon ya toshe, sai ya cire shi ya sa a baki ya hura, ya zuƙa, kamar yadda kusan kowane manomi a yankin ya taɓa yi.

Maganin dangin fiya-fiya ne, kuma aikinsa a jikin mutum shi ne aikinsa a jikin ƙwaro. Akwai wani sinadari da jijiya ke saki don ta umarci tsoka ta motsa ko ta umarci jiki ya fitar da ruwa, akwai kuma wani da ke share shi da zarar saƙon ya isa. Gubar wannan na biyun take ɗaurewa, sai umarni ya yi ta zuwa babu mai tsayar da shi. Yawu ya yi ta zuba, hawaye da gumi su ɓalle, ƙwayar ido ta tsuke kamar kan allura, bugun zuciya ya ragu, huhu ya cika da majina, daga ƙarshe tsokar da ke jan numfashi ta gaji ta saki. Mutum yana kwance a kan tudu, amma nutsewa yake yi a cikin ruwan jikinsa.

Kafin a kira ni, mutanen kirki sun riga sun yi abin da suka sani: sun ɗura masa madara da manja. Ina roƙon mai karatu, in bai riƙe komai daga wannan rubutu ba, ya riƙe cewa ba a ɗura wa wanda hankalinsa ya gushe komai, domin hanyar iska abin yake bi. A cire masa tufafin, a wanke jikinsa da ruwa da sabulu, a kwantar da shi a gefe guda, a ɗauki kwalbar maganin a nufi asibiti da ita. Wannan kaɗai na iya faɗa a waya, shi ma a makare.

Asibitin farko da aka kai shi ma'aikatansa sun gane ciwon nan take, suka yi masa allurar atirofin, wadda ita ce makarin farko, har abin da suke da shi ya ƙare. Na'urar oksijin tana nan, wuta ce babu. Suka rubuta takarda suka ce a yi Kano. Daga Kura zuwa birni bai fi kilomita talatin da 'yan kai ba, tafiyar da nake yi ina sauraron rediyo, amma wanda ya riƙe kan Auta a bayan mota ran nan ya ce mini bai taɓa sanin titin Zariya yana da tsawo haka ba.

Na tarar da su a sashen gaggawa na wani babban asibiti. Wata ɗaliba mai koyon aikin jinya tana tsaye a kansa, ta kifa masa roba a fuska, tana matsa wata jaka da hannu, kowace matsa numfashi guda. Ta fi rabin awa tana yi kafin a sami gado a ɗakin kulawa ta musamman, mu kuma mu harhaɗa kuɗin ajiya. Daga baya na karanta cewa da irin wannan matsa jaka aka haifi ɗakin kulawar gaba ɗaya. A 1952, da annobar shan-inna ta afka wa birnin Kofanhegan na ƙasar Denmak, wani likita mai suna Bjorn Ibsen ya ba da shawarar a sa wa marasa lafiya bututu a maƙogwaro, ɗaruruwan ɗaliban likitanci suka yi ta karɓa-karɓa suna matsa jaka dare da rana har tsawon makonni. Shekara saba'in bayan haka, ga yarinya a Kano tana yin aikin, hannunta yana rawa don gajiya, ba ta ko ɗaga kai ba.

Likitar da ta fito ta same ni ƙwararriya ce a fannin sa barci, su ne masu wannan aiki. Ta ce, "Malam, kai ne yayansa?" Na ce ni ne. Ta ce numfashinsa ba zai kai dare ba in ba a zura masa bututu an haɗa shi da na'ura ba, ta kuma ce ba za ta ɓoye mini ba, zura bututun shi kansa haɗari ne ga mutumin da ke wannan hali, zuciyarsa tana iya tsayawa a hannunsu. Ta miƙo takarda in sa hannu. A wurinmu sananniyar magana ce cewa wanda aka sa wa bututu ba ya dawowa. Na kira Inna don in raba nauyin da ita, ta yi shiru, sannan ta ce, "Dakta, ai kai ka sani." Na sa hannu ban san komai ba.

Ba a bar ni na shiga ba. Abin da zan faɗa yanzu na same shi ne a kwana na uku, da dare ya raba, likitar ta fito shan iska ta tarar da ni a kan benci. Na tambaye ta yadda ake zura bututu a maƙogwaron mutum, ta dube ni ta ga da gaske nake, ta koma ciki ta ɗauko kayan ta nuna mini.

Matsalar ita ce hanya ba miƙaƙƙiya ba ce. Daga baki zuwa ƙofar hanyar iska akwai kwana, harshe ya tare gaba, wani ɗan marfi yana rufe ƙofar, ga hanyar abinci a bayanta ta fi ta sauƙin shiga. In bututu ya kuskure ya bi ta abinci ba a farga ba, ciki ake hurawa, ƙwaƙwalwa kuwa mintuna kaɗan take jure rashin iska. Abin da ake leƙawa da shi yana da ƙota da ruwa kamar fartanya, amma don kada mu rikice da ruwan kanal bari in kira shi baki. Ana riƙe ƙotar da hagu, a zura bakin a kan harshe, a ɗaga, ƙaramar fitila ta haska, likita ya sunkuya ya leƙa da idonsa. Bakin da aka fi amfani da shi a duniya mai ɗan lanƙwasa ne kamar jinjirin wata, Robert Macintosh na Jami'ar Okosfod ya fito da shi a 1943, kuma har yau sunansa yake amsawa. A 2001 wani likitan fiɗa a Kanada, John Pacey, ya fito da GlideScope, wadda ke da ƙaramar kyamara kusa da tsinin bakin, hoton yana fitowa a allo. Tun da ido ya koma tsini, babu sauran buƙatar a miƙar da hanya, sai ya lanƙwashe bakin ƙwarai, wajen digiri 60, ya zama kamar lauje, yana zagaya harshe ya leƙa bayan kwana. Daga baya wasu kamfanoni suka ɗora kyamarar a kan tsohon bakin Macintosh. Saboda haka likitan da ke da na'urar kyamara a yau baki biyu ne a gabansa, jinjirin wata da lauje.

Ni da na riƙe su a hannu, laujen na zaɓa. Na ce ai wannan ya fi gani. Ta ce ƙwarai ya fi gani, amma hangen Dala ba shiga birni ba. Laujen yana nuna maka ƙofa tangaran a allo, sai dai bututun shi ma dole ya sha wannan kwanar, kuma roba ba ta lanƙwashe kanta. Sai an zura masa sandar ƙarfe mai siffar laujen, a kai shi bakin ƙofa, sannan a riƙa zare sandar a hankali ana tura shi, in ba haka ba ya tokari bangon maƙogwaro ya tsaya. Wanda hannunsa bai saba ba sai ya yi ta kallon ƙofa a allo yana zungure-zungure, lambar oksijin tana sauka. Abu na biyu shi ne ya shafi Auta kai-tsaye. Kyamarar ba ta fi ƙwayar gero da yawa ba, ɗigon majina guda ya isa ya makantar da ita. In ta makance a kan lauje, shi ke nan, domin idon mutum ba ya bin kwana, sai a fito a sake. In ta makance a kan bakin Macintosh, likita ya kawar da kai daga allo ya sunkuya ya leƙa kamar yadda ake yi tun 1943.

Ta ce da ta ga maƙogwaron da ke ambaliya da yawu da madara da manja, ba ta yi dogon tunani ba, bakin Macintosh ta ɗaura, ta ajiye laujen a kusa ko da za a buƙata. Abin da ta yi tsoro kuwa shi ya faru. Tana zurawa allon ya yi fari fat. Ta sa tiyon zuƙe majina, ta sunkuya, ta hango gefen ƙofar da idonta, bututu ya shiga a karon farko. Ta ƙara da cewa ko maganin sakin jiki da suka saba amfani da shi a gaggawa ta kauce masa, domin gubar tana hana jiki narkar da shi, aikin mintuna sai ya koma na awoyi.

Wannan magana ta karon farko ita ce ginshiƙin al'amarin, kuma a nan ne halina na malamin jami'a ya motsa, na kwana uku ina karatu a waya a kan bencin nan. Mutumin da za a yi wa fiɗa cikin shiri yana da ajiyar iska a huhu, an hana shi abinci, in an kuskure sau ɗaya akwai sararin sakewa. Na ɗakin kulawa ta musamman ba shi da wannan sarari. Wani bincike da aka buga a mujallar JAMA a 2021, wanda ya bi marasa lafiya 2,964 a ƙasashe 29, ya gano cewa kashi 45 cikin 100 sun gamu da babbar matsala a lokacin zura bututu, mafi yawa faɗuwar ƙarfin jini, kashi 3 kuma zuciyarsu ta tsaya. Kowace sakewa tana ƙara haɗarin. A 2023 wani gwaji a Amurka a kan mutum 1,417 ya nuna cewa da kyamara an dace a karon farko a kashi 85, da ido tsura kuwa kashi 71, har aka tsayar da gwajin kafin lokacinsa saboda bambancin ya fito fili. Abin da masu tallar na'ura ba su cika faɗa ba shi ne mafi yawan kyamarorin da aka yi aiki da su a gwajin a kan bakin Macintosh suke. Akwai kuma wani gwaji na Faransa a 2017, mai mutum 371, inda kyamara ta ƙara wa likitoci gani amma ba ta ƙara musu dacewa a karon farko ba ko kaɗan. Yawancin masu zura bututun a can sababbin hannu ne.

Ba ina cewa laujen banza ba ne, likitar ma ba ta ce haka ba. Mutumin da wuyansa ya karye a haɗarin mota ba a son a motsa shi, ko mai ƙaramin haɓa, ko mai ƙiba da gajeren wuya, ko wanda ƙari ya karkatar wa maƙogwaro, irin waɗannan laujen ne ke fitar da su. Manomi ma ba ya yankan shinkafa da fartanya. Damuwata a kan masu saye take.

Na zauna a kwamitocin sayen kaya a jami'a, na san yadda abin yake tafiya. Ɗan kasuwa ya zo da takarda mai sheƙi, ya kunna na'ura, hoto ya fito rangaɗaɗau, shugabanni su gyaɗa kai, a sayi mafi tsada, a yanka zare a ɗauki hoto. Ba a tambayar wanda zai riƙe ta da ƙarfe biyun dare. A ƙasar da likitocin sa barci ba su kai ɗaya ga kowane mutum 100,000 ba, alhali ƙungiyar likitocin fannin ta duniya ta ce a samu aƙalla biyar, wanda zai zura bututu a asibitin ƙaramar hukuma ma'aikacin jinya ne da ya yi kwas, ko ƙaramin likita da ke bautar ƙasa. Da bakin Macintosh aka koyar da shi. Ka ba shi irinsa mai kyamara, ka ƙara masa ido ba ka ƙwace masa hannu ba, kuma babbansa yana iya tsayawa a gefe yana kallon allo yana yi masa gyara. In batir ya mutu ko allon ya fashe, abin da ke hannunsa bai tashi daga aiki ba. A ra'ayina, wanda ba na likita ba ne, duk asibitin da kuɗinsa bai wuce na baki ɗaya ba wannan ya kamata ya fara saye, laujen ya biyo baya tare da sandarsa da horon sarrafa shi. A kuma tambayi ɗan kasuwa ko bakin na wankewa ne ko na yarwa, domin na yarwa in kwalin farko ya ƙare, dala ta tashi, na'urar ta koma kayan ado a cikin kabad. Likitar ta ce mini in da za a ba ta zaɓi, kafin kowace kyamara ta fi son injin zuƙe majina mai ƙarfi da na'urar da ke auna iskar da mutum ke fitarwa, wadda ita ke tabbatar da cewa bututu a hanyar iska yake. Waɗannan biyu ba su da kyan hoto a jarida, ban taɓa ganin an yanka musu zare ba.

Duk wannan muhawara ta wanda ya iso Kano da rai ce. Yankin da ke cika kasuwar Kwanar Gafan da kwandunan tumatir, ake loda su zuwa Legas, yankin da a kowace safiya ta rani dubban mutane ke goya guba a baya, ya cancanci asibiti ko da guda ɗaya da ke da atirofin mai yawa, da oksijin da bai dogara da wutar gari ba, da mutum ɗaya a kowane dare da ya iya riƙe numfashin wani har a kai shi birni. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are tana da lissafin kowace kadada da ruwa ke shiga. Ina so in ga ranar da wata hukuma za ta riƙe lissafin waɗanda feshi ya kayar.

Auta ya kwana shida a kan na'ura. A kwana na uku, da muka fara murna ya buɗe ido, sai ya kasa ɗaga kansa daga matashi, likitar ta ce wannan sanannen abu ne, gubar tana dawowa ta kama tsoka bayan kwana ɗaya zuwa huɗu, shi ya sa ba ta yi gaggawar zare bututun ba. Mun sayar da sa guda da buhunan shinkafar da aka ajiye don bikin ƙanwarmu, na ci bashi a ƙungiyar adashin malamai. Tumatirin ya nuna ya ruɓe a gona. Ranar da aka zare bututun muryarsa ta dishe, kalmar farko da na ji daga bakinsa tambaya ce, ko an ba gonar ruwa.

Da rani ya zagayo na je gida da sabon famfo, da safar hannu, da takalmin roba, da abin rufe hanci mai matata biyu. Na same shi a bakin kanal da hantsi, ya gama layi huɗu. Safar tana hannunsa, takalmin yana ƙafarsa, abin rufe hancin kuwa yana rataye a wuya yana lilo. Na nuna shi da yatsa ban ce komai ba. Ya yi dariya ya ce, "Yaya, wallahi in na sa shi numfashina ɗaukewa yake yi." Ya mayar da shi kan hancinsa don ya ga ina tsaye, ya gyara igiyar famfon a kafaɗa, ya shiga layi na biyar.